Alfadarin Da Ba A Hawa

Zuma ce ta kai ni can, ba yawon buɗe ido ba. Sunana Dikko, mutumin Malumfashi. Ina aikin ɗaure kaya a Murshid Bazaar, wata kasuwa a unguwar Deira, nan Dubai, a shagon wani Bakurde mai suna Sherzad. Daga ƙauyensu da ke cikin duwatsun arewacin Iraƙi ake kawo masa zuma, mu zuba a kwalaye mu tura Kano da Yamai ta kargo. Wata yamma muna naɗe kwali da salatif ya ce in raka shi gida in ga masu zumar da idona, tunda ni ne ke rantse wa Hausawa cewa babu sukari a ciki.

Matata Ramlat ba ta so ba. Cikinta ya tsufa, kuma wannan ne na farko da ya zauna bayan ɓarin da ta yi ta yi. Na ce mata kwana kaɗan ne, khalas, shi ke nan, kafin ta gama kewata na dawo. Ta ce, "Malam, ka dai dawo kafin in sauka." Na yi mata alkawari.

Jirgi ya sauke mu, mota ta ɗauke mu har inda kwalta ta ƙare. Daga nan ruwan sama ya zabtare hanya, sai dai dabba. Kawun Sherzad, wani tsoho mai gashin baki da ake kira Mam Aziz, yana jiranmu da alfadarai. Ni da rabona da hawa jaki tun ina ɗan firamare, ga ni a kan akumari da takalmin kanti da jaket ɗin aro. Kafin la'asar ƙuguna ya daina zama nawa.

Abin da ya ba ni haushi shi ne alfadari na ƙarshe. Fari ne, ya fi sauran ƙiba, an ɗaura masa sirdi mai laushi an shimfiɗa jan bargo, amma ba kowa a kansa. Haka yake bin mu zigau-zigau, ni kuwa katako na cin naman jikina. Da Larabci muke magana da Sherzad, na ce, "Habibi, wannan kuma na wane basarake ne?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Al'adar tsofaffi ce. Na mai hanya ne." Sai ya ƙara da cewa, "In mun shiga kwazazzabo kada ka yi magana da kowa. Kada ka sauka."

Na ɗauka sojojin kan iyaka yake nufi. Shi kuma, mutumin Dubai mai waya biyu, kunya ta hana shi yi min bayani.

Rana ta faɗa bayan dutse muka isa bakin kwazazzabon. Mam Aziz ya tsaya, ya bi alfadaran ɗaya bayan ɗaya yana cusa ulu a cikin ƙararrawar wuyansu. Ƙarar da ta raka mu tun safe ta ɗauke. Sai kofato kan tsakuwa, da hucin dabbobi, da ruwa na gudu can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Hanyar ba ta fi tabarma faɗi ba. Dama dutse, hagu rami. Hazo ya fara taso mana daga ƙasa, sanyinsa na shiga har haƙori.

Mam Aziz na gaba, Sherzad na bin sa, sai ni, sai farin a bayana. Na lura dukansu sun sunkuyar da kai suna kallon wuyan dabbobinsu.

A wata kwana na gan shi.

Tsoho ne tukuf, yana tsaye a jikin dutse da sanda, cikin bargo mai ruwan toka. Ƙafarsa ba takalmi, a wannan sanyin. Mam Aziz ya wuce shi kamar bai gani ba. Sherzad ma haka. Raina ya ɓaci. A gidanmu ko keke kake kai, in ka ga dattijo a ƙasa sai ka sauka. Mahaifina ya taɓa marina a kan haka a gaban mutane. Ban yi wani tunani ba, jikina ne kawai ya yi abin da ya saba. Na diro, na rusuna, na miƙa masa ragamar alfadarina.

Ya dube ni. Ya ce, "Sannu, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Da Hausa. Hausar Katsina, irin ta kakata.

Wallahi daɗi na fara ji. Wanda ya daɗe a ƙasar mutane ya san abin da nake nufi. Sai da ya hau, sannan hankalina ya dawo ya tambaye ni: me ya kawo Bakatsine nan?

Alfadarin ya yi nishi. Bayansa ya lotsa kamar an ɗora masa buhunan siminti. Farin da ke baya ya tsaya cak, yana rawar jiki, ya ƙi matsowa. Na ɗaga kai in kira Sherzad, hazo ya riga ya shanye su.

"Mu je," in ji tsohon.

Na ja ragama. Wani wari ya biyo ni, warin jiƙaƙƙen ulu da ƙasar da aka tono yanzu.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Yaya Dubai? Yaya zafi?"

"Alhamdu lillahi."

Ban gaya masa daga inda na fito ba. Ina so in yi shiru, amma gaisuwa ce. Babba na gaishe ka, bakinka amsawa yake tun kafin ka ba shi izini.

Sai na fara jin wani sauti a ƙarƙashin na kofato. Shuu. Shuu. Kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Na saci kallo ta gefen ido.

Ƙafafunsa ne. Yana zaune a kan alfadari, amma ƙafafunsa na jan ƙasa, sun miƙe can baya cikin hazo. Ban ga ƙarshensu ba.

Na nemi Ayatul Kursiyyu a kaina na rasa farkonta.

"Yaya Ramlat?" Muryar ta matso dab da ƙeyata. "Yaya nauyin jiki?"

"Da sauƙi," na ce. Hawaye na zubo min.

"Wannan zai zauna. Mace ce." Ya yi ɗan tari. "In ta sauka zan zo barka."

"Allah ya kawo ka, Baba."

Na ji maganar ta fita. Na kai hannu bakina, amma ta riga ta fita.

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Bi nan, ɗana. Ta nan ya fi kusa."

Sandarsa ta nuna hagu. Na ga hanya shimfiɗe, fara tas, mai faɗi. Na sa ƙafa.

Ba ƙasa.

Wani abu ya shaƙe ni ta wuyan jaket ya fizge ni baya. Na faɗi kan Sherzad. Ragamar na naɗe a hannuna, tana ja na zuwa ramin, gwiwoyina na gurzar dutse. Mam Aziz ya zo da wuƙa, idonsa a rufe, bakinsa na motsi. Ya yanke igiyar.

Alfadarin bai faɗa ba. Tafiya ya ci gaba da yi. Muna kwance muna jin kofatonsa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a kan iska, a saman ramin, har sautin ya yi nisa.

Muka ci gaba da tafiya har muka ga fitilun ƙauye. A nan Mam Aziz ya sa Sherzad ya tambaye ni: ya yi maka magana? Me ka ce masa? Na faɗa musu duka. Da Sherzad ya fassara jimlar ƙarshe, tsohon ya zauna a ƙasa dirshan. Sannan ya yi magana, Sherzad na fassara min.

"Tun kakanninmu muke ba shi abin hawa, ya hau ya sauka, don kada ya nemi wani abu. Ba mai kallonsa, ba mai amsa masa. Ba a taɓa samun wanda ya gayyace shi gida ba."

Ban ɗanɗana zumar ba. Washegari da rana tsaka suka fito da ni ta wata hanyar.

Na dawo gidanmu a unguwar Muraqqabat, na cika alkawari. Ban gaya wa Ramlat komai ba, mai ciki ba ta buƙatar wannan. Na dai ce kada ta buɗe wa baƙo ƙofa. Na yi ta lallashin kaina: akwai teku tsakani, akwai biza, muna hawa na sama, ga mai gadi ga kyamara. Ta sauka lafiya. Mace. Muka sa mata Khairunnisa, na yi kukan daɗi a gaban nas ban ji kunya ba.

Ranar suna mata suka cika fulat ɗin, mu maza muka sauka masallaci sallar magariba. Da na dawo sun watse. Ramlat na ninke kayan barka, tana murmushi.

"Malam, ashe kana da dattijo a garin nan ba ka taɓa faɗa min ba."

Na ce, "Wane dattijo?"

"Ƙofa a buɗe take saboda baƙi, ya yi sallama. Na ce ba ka nan, ya ce ai kai ka ce Allah ya kawo shi."

"Kin ba shi jaririyar?"

Ta dube ni da mamaki. "Babba ya miƙo hannu, Malam. Sai in hana shi?"

Yarinyar na nan, lafiyarta ƙalau, likita ya ce ba abin da ke damunta. Mun kai ta wajen malamai, an yi ruƙiyya, mun canza gida zuwa unguwar Port Saeed, nan Dubai. Yanzu ta iya zama. Ba ta taɓa yi min dariya ba, ba ta taɓa yi wa uwarta ba. Amma kullum in magariba ta kawo kai, sai ta juya wajen ƙofa, fuskarta ta washe, ta ɗaga hannuwanta biyu sama tana so a ɗauke ta.

Jiya, ba kowa kusa da ita, na ga ta ɗaga sama, ƙafafunta sun bar tabarma.