Kwalba a Ɗakin Tsohon Tela

Hantsi ya ɗaga lokacin da wata mata ta faɗo caji ofis, mayafinta a baibai, ta ce maƙwabcinta ya rasu, kuma mutuwar ba ta kwanta mata a rai ba. Sufeto ya ajiye kofin shayinsa. Shi mutum ne da ba ya son garaje, har abokan aiki na yi masa tsiya cewa ko gobara ta tashi sai ya gama ɗaure igiyar takalmi. Amma ya san mace ba ta barin girki a wuta ta zo wurin 'yan sanda a banza. Ya kira Sajan, suka bi ta.

Ɗaki ne guda a bayan wani gidan haya. Mamacin tsohon tela ne da ciwon ido ya raba da aiki, ga keken ɗinkinsa nan a lulluɓe. Ba rauni a jikinsa, ba alamar an taɓa ƙofa.

"Yaushe ya fara ciwon?" Sufeto ya tambayi maƙwabciyar.

"Shekaranjiya, Yallaɓai. Ya ce yana ganin abu bibbiyu. Jiya ko ruwa ya kasa haɗiyewa. Na ce mu je asibiti, ya ce mura ce."

"Me ya ci?"

"Abin da ake ba shi a Rumbun Taimako. Ba shi da kowa, da shi yake rayuwa. Na ma buga musu waya jiya, wani namiji ya ɗauka, ya ce Allah ya sawwaƙe."

Rumbun Taimako wuri ne da masu hali ke kai kayan abinci, ana ɗaurawa a kwali ana raba wa marasa ƙarfi. Kwalin tsohon yana gefen katifa: shinkafa, wake, gwangwanin madara, sabulu. Sai wata kwalba da aka ci rabinta, kifi ne a cikin mai. Ba ta da takardar kamfani. An yi wa murfin hula da yadi mai shuɗin furanni, an ɗaure da zare. Da Sufeto ya juya ta, sai ya ga ɗigon jan farce a gindinta.

Likitan 'yan sanda ya duba gawar, ya duba kwalbar, ya ɓata fuska.

"Sai na gwada tukuna. Amma alamun na gubar nan ne da ke tasowa a abincin da aka rufe a gida aka bar shi ya daɗe. Ba lallai ya yi wari ba, ba lallai launinsa ya canza ba. Kuma ka sani, Sufeto, ba mai hura wuta don kwalba ɗaya."

Sufeto ya gane. Akwai 'yan'uwan kwalbar nan a wasu ɗakunan, kuma masu ɗakunan mutane ne da ba sa zubar da abinci. A ranar dai bai tsaya wa igiyar takalmi ba.

Rumbun tsohon sito ne da aka jera wa kantoci. Mata da tsofaffi sun yi layi a inuwa. Manajan wurin ya tarbe su da hannu bibbiyu, mutum mai sanyin murya, irin wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri.

"Inna lillahi! Baba Tela?" Ya dubi kwalbar ya girgiza kai. "Wannan ba tamu ba ce, Yallaɓai. Mu ba ma karɓar girkin gida. Abin da muke roƙo a kawo shi ne busasshen abinci, man girki a rufe, gwangwanaye, madara, sabulu, kunzugun jarirai. Komai kuma sai ya bi ta hannun mai tantancewa."

"Wa ya ɗauki wayar ofis jiya?"

"Ai kowa na ɗauka."

Mai tantancewar wata dattijuwa ce da kowa ke kira Anti Rariya, don ba abin da ke wuce ta sai mai kyau. Tana zaune a dogon tebur tana juya gwangwani tana mita.

"Dubi nan, ɗana. Ya kumbura kamar kuncin mai ciwon haƙori. Wannan kwanansa ya ƙare tun bara. Wannan an buɗe an ci, an kawo mana sauran. Mutum ya share sitonsa, ya rasa inda zai zubar, sai ya ce sadaka. Wai talaka cikin ƙarfe gare shi."

Sufeto ya ajiye kwalbar a gabanta. "Wannan fa?"

Bakin da ke zuba ya tsaya cak. "Ban taɓa ganinta ba."

Bai yi musu ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki wata 'yar kwalbar jan farce daga cikin tarkacen teburin, ya kifa kwalbar kifin kusa da ita. Ya kuma juya gwangwanin da ta gama zagi, ga ɗigon ja bai ma bushe ba.

"Anti, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya."

Ta sauke numfashi. "Tsoro na ji. An ce an mutu, kuma ni ce mai tebur. Watan da ya wuce na zo da safe na tarar da kwali cike da su, ban san wanda ya ajiye ba. Na ɗiga wa kowacce ja, yadda nake yi wa duk abin da na ƙi, na zuba su a duron shara na baya. Wallahi daga hannuna duro suka tafi."

"Wa ke buɗe duron?"

"Kwaɗo ne a jiki. Direba ke kwashewa ya kai bola."

Direba yana bayan sito yana wanke mota. Ya rantse da girman Allah cewa duk abin da ke cikin duro bola yake kaiwa, ko ƙwayar shinkafa ba ya taɓawa. Sajan ya leƙa gidan gaba na motar, ya jawo buhu cike da busasshen burodi.

"Wannan bolar a ƙarƙashin kujerarka take?"

Direba ya yi zuru-zuru. "Kaji gare ni, Oga. Na kaji ne. Amma kwalabe ban gansu ba. Ranar da Anti ta ce akwai gilashi in yi hankali, na buɗe duro ban ga ko ɗaya ba. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta."

"Wa kuma ke da makulli?"

"Sai Manaja."

Manaja ya ce nasa makullin ya daɗe da ɓata. Ya faɗi haka yana share gumi, alhali fanka na kaɗawa a kansa. Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya yarda, idonsa na yawo a ofishin. A kan kabad akwai kular abincin rana, an ɗinka mata riga da yadi mai shuɗin furanni.

"Uwargida ta iya ɗinki," in ji Sufeto.

"A'a, surukata ce. Umma ba ta iya zama haka kawai."

Sai da maganar ta fita ya so kamo ta, amma magana zarar bunu ce. Sufeto ya bar Sajan ya tambayi mutanen layi, shi kuwa ya karɓi kwatancen gidan daga wurin Direba, ya ɗauki wani Kofur suka tafi.

Surukar Manaja tsohuwa ce mai tsabta da fara'a. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, amma har yanzu da babbar tukunya take girki. Ta ja su har kicin tana murna an zo ganin aikinta. Kwalabe ne jere a kan kanta, kowacce da hularta.

"Na marasa ƙarfi ne, ɗana. Mu a gida ba ya kwana, cinyewa muke. Nasu ne nake rufewa ya daɗe musu. Mijin 'yata ya ce min mutane har rububinsa suke."

"Nawa kika ba shi, Umma?"

"Dozin guda. Waɗannan na wata mai zuwa ne." Ta ɗauko ɗaya ta miƙa masa. "Ungo, ka kai wa iyali."

Sufeto ya tsinci kansa ya karɓa da hannu biyu, har da rusunawa, kafin hankalinsa ya iso. Ya tsaya yana kallon kwalbar a hannunsa, kuma abin ya ba shi tsoro. Sannan ya zaunar da ita, ya gaya mata abin da likita ya ce, ya gaya mata an yi rashi. Ba ta yi kuka ba, ta dai dafa kanta da hannu. Ya bar Kofur yana kwashe kwalaben cikin kwali.

Da ya koma rumbu, Sajan na jiransa a bakin ƙofa.

"Oga, mata uku a layi sun ce jiya da yamma Manaja ya je gidajensu da kansa, ya karɓe kwalaben, wai an yi kuskuren rabo."

Sufeto ya nufi ofis. "Malam, ba ni makullin motarka."

Ga kwalaben nan a but ɗin motar, an lulluɓe da tsohon bargo. Sajan ya ƙirga, goma. Da ta tsohon tela, sha ɗaya.

"Ina ɗayar?"

"Yallaɓai, bari in yi bayani..."

"Bayani zai jira. Ina ɗayar?"

Manaja ya jingina da mota. "Wata mai 'yan biyu na ba. Ta tashi daga inda na sani. Na yi ta yawo jiya ban same ta ba."

"Ni na san sabon gidan," in ji Direba. "Ni na kai mata kaya."

Sajan ya tura shi mota suka fita a guje. Sufeto ya mayar da Manaja ofis, ya ja kujera ya zauna. Anti Rariya ta tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya kore ta.

"To, yanzu yi bayaninka."

"Ta kawo min su har mota, tana murna. Ta yaya zan dubi uwar matata in ce ba ma so? Ba a mayar da hannun kyauta baya. Na ajiye a teburin Anti, na ce ƙila su wuce. Ba su wuce ba. Kullum Umma sai ta tambaye ni, sun ci? Sun ji daɗi? Na ga in na bari aka kai bola, ba zan iya haɗa ido da ita ba. Sai na kwaso su daga duro, na riƙa sakawa a kwalin waɗanda na fi tausayi."

"Kai ka rubuta dokar hana girkin gida?"

"Ni ne."

"Kai ka ɗauki wayar jiya?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne."

"Matar ta gaya maka ba ya iya haɗiyar ruwa. Ka gane abin da ke damunsa, tunda ka fita farautar kwalabe. Motar nan da ka zaga gari da ita, ba ta san hanyar asibiti ba?"

"In na kai shi, za a tambayi abin da ya ci."

"Da safen nan kuma ka nuna min teburin Anti."

Anti Rariya ta juya ta koma teburinta.

Sufeto ya ajiye wayarsa a kan tebur yana kallonta. Ya yi shekaru yana wannan aiki, ya ga masu kisa don haushi da masu kisa don kwaɗayi, amma bai taɓa zama da wanda kunya ta sa ya yi kisa ba, kuma bai ji daɗin zaman ba.

Wayar ta yi ƙara.

"Oga, mun same ta," in ji Sajan yana haki. "Ba a buɗe ba. Ta ce ta yi kyau da yawa, ajiyewa ta yi sai ranar da mahaifiyarta ta zo."

"Yaran fa?"

"Ga su nan suna ja min wando."

Manaja ya kifa kai a tebur ya fashe da kuka. Sufeto ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya miƙe ya ciro ankwa.

"Ina kama ka bisa zargin sakacin da ya jawo asarar rai, da ɓoye shaida. Tashi mu je."

Suna fitowa, sai ga surukar Manaja ta sauko daga motar Kofur. Ta matsa sai ta zo. Mutanen layi suka dare mata. Manaja na ganinta ya durƙusa, ankwa a hannu.

"Umma, ina wuni."

Ta daɗe tana dubansa. "Me ya hana ka gaya min?"

"Nauyinki nake ji, Umma."

"Kai, yaron nan. Da ka ce min kar in kawo, ai fushin kwana biyu zan yi."

Bai ɗago ba. Kofur ya kama shi a damtse ya miƙar da shi, ya sa shi a bayan mota, Sufeto ya shiga gaba ya ce a ja.