Kunnen Giwar Hamadu

"Iya, don Allah ɗaga ƙafa! Za a rufe ƙofa!"

"Ke Rabi'atu, bar ja na. Ciyawa za mu gani ko Aljanna?"

Rabi'atu ta yi dariyar yaƙe. Babanta ya riga ya ce maganar aurenta da Hamadu tana hannun Iya, kakar da ta rene ta tun rasuwar mahaifiyarta. Ita kuwa Iya ta kafe: mutumin da ke noman abin da ba a ci, da me zai riƙe mace?

Suna shiga lambun nan na bakin Binuwai, wanda ake zuwa kallonsa tun daga Maruwa, Iya ta saki baki. Ga shuke-shuke an aske su sun zama jimina, raƙumin dawa, har da kwalekwale cike da furanni ja da rawaya. Duk Garuwa ba mai hannun Hamadu a wannan aiki.

Sai ga shi da gudu, almakashi a hannu, ya zube ƙasa.

"Barka da zuwa, Iya."

"Kai ne wanzamin itace?"

"Ni ne, Iya."

Ya saci kallon Rabi'atu, ta sunkuyar da kai, daɗi kamar ya kashe ta.

Ya kai su gaban giwarsa, wata shuka da ya shekara uku yana reno yana askewa har ta zama giwa. Gobe manyan baƙi daga Yawunde za su zo ganinta saboda bikin ranar ƙasa na ashirin ga Mayu. Iya ta matsa, ta murza ganye ɗaya, ta shinshina.

"Lalle ne! Wallahi lalle ne mai kyau!"

Kafin kowa ya ankara, ƙaras! Ta karye rabin kunnen giwa ta tura a mayafi.

"Iya!" Rabi'atu ta ɗora hannu a ka. "An hana taɓawa!"

Usur ya tashi. Mushe Fulbert, shugaban lambun, ya iso yana haki.

"Wa ya yi wannan? Wa?"

Hamadu ya sha gaban tsohuwar.

"Ni na ce ta ɗiba, shef. Kakata ce."

"Ka san aikinka ne a bakin wannan kunne?"

"Na sani. A ba ni minti goma..."

Hawaye suka zubo wa Rabi'atu. Shi ke nan, ga aiki zai tafi, ga aure bai samu ba! Hamadu kuwa ya hau tsani, ya gyara kunnen da ya karye, ya rage ɗayan suka zo daidai. Mushe Fulbert ya zagaya giwar sau biyu, ya sosa ƙeya.

"To... giwar ta koma budurwa. Kada a sake!"

Hamadu ya tattara ganyen da ya zuba, ya miƙa wa Iya da hannu biyu. Ta karɓa, ta dube shi.

"Ka yi ƙarya saboda ni, ɗan nema. Allah ya yafe maka."

"Iya, me za ki yi da ganyen nan haka?" in ji Rabi'atu.

Iya ta ƙulle bakin mayafinta tam.

"Na farko hannu kaɗai zai isa. Yanzu da ya ƙaro, har ƙafar amarya. Kai kuma ka ce wa manyanka su zo ranar Juma'a."

Rabi'atu ta faɗa jikin Iya, tana kuka tana dariya.