Tsinke Uku na Ashana

Ranar Alhamis ce, ƙarfe uku na rana, kuma duhu ya riga ya rufe gari. Haka Disamba take a wajenmu nan arewacin duniya, rana ta yi mako uku ba ta leƙo ba. Ɗan aiki ɗaya ya rage mini kafin in kulle gidan tarihin: in hau bene in canza ƙwan fitilar da ya mutu a ɗakin sama.

Gudlaug tana bakin ƙofa tana naɗa mayafi a wuya. Tsohuwa ce, ta haura saba'in. Duk Alhamis takan zo ta goge mana gilasai kyauta, ta ɗan sayar da safar hannun da take saƙawa.

"Jentoft, yau ma fuskar nan taka kamar busasshen kifi," in ji ta. "Mutum ɗaya tak ya shigo, shi ma iska ce ta koro shi. Da ka yi masa murmushi ai da ya sayi safa."

"Murmushi ba ya cikin aikin da aka ɗauke ni."

"Na ga alama. Sa hula dai in za ka fita, kan nan naka ba abin da ya rage a kansa."

Ta ja ƙofa ta tafi. Shekara goma sha ɗaya tana tsokanata haka, ni kuwa ban taɓa iya kallon ƙwayar idonta ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni na kashe mata miji. Ba da wuƙa ba, ba da bindiga ba, da gwangwanin ashana. Gwangwanin kuma yana nan a ɗakin sama, cikin akwatin gilashin da take gogewa da hannunta duk mako.

Gidan tarihinmu tsohon rumbun kifi ne a bakin tashar jiragen ruwa, har yau katakonsa warin kwalta da man kifi yake. Kayan mutanen da suka tafi neman ƙarshen duniya na arewa muke ajiyewa. Akwai keken ƙanƙara da karnuka ke ja, akwai takalmin fata da mai shi ya ci rabinsa don yunwa, akwai littafin wani da rubutunsa ya yi ta ƙanƙancewa har ya tsaya a tsakiyar kalma. Ba yabon kai ba, rabin kayan nan ni na ɗauko su da hannuna.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, da bazara, aka tura ni tsibiran Svalbard, can cikin tekun ƙanƙara, in duba wata tsohuwar bukka. Masu bincike ne suka gina ta tun zamanin kakanninmu, bayansu maharba suka ci gaba da fakewa a ciki. Dokar bukka kuwa ko yaro ya san ta. In za ka fita, sai ka jera ƙirare da ɓawon itace a murhu, ka buɗe ashana, ka zaro tsinke uku su leƙo waje. Don wanda zai zo bayanka wataƙila yatsunsa sun mutu da sanyi, ba zai iya tsintar komai ba, da haƙori zai cafki tsinken ya ƙyasta. Mahaifina ya taɓa marina a kan dokar nan ina ɗan shekara tara.

A kan kantar bukkar na ga gwangwanin. Na tagulla ne, jikinsa duk haruffan sunayen waɗanda suka kwana a wurin, tun daga masu binciken farko. Raina ya biya. Na ce wannan ba wurin zamansa ba ne nan, gilashi ya dace da shi. Zan ɗauka in bar kwalin ashanata a madadinsa, shi ke nan ba a yi wa kowa laifi ba.

Na sa shi a jaka. Sai jirgin ruwan da ya kawo ni ya busa ƙaho, ƙanƙara na neman toshe mana hanya. Na fita da gudu.

Mun yi tafiyar rabin sa'a na sa hannu a aljihu zan kunna taba. Kwalin ashanata na nan.

Da na buɗe baki na gaya wa matuƙi, da ya zage ni ya juya, sa'a guda ce kawai. Kunya ta hana ni. Na ce a raina, wa ma zai je can kuma?

Ingolf ya je. Mijin Gudlaug, maharbi, mutumin da ya koya mini ɗaure kare a keke. Cikin hunturun shekarar ƙanƙara ta fashe da shi, ya faɗa teku, ya fito, ashanarsa ta jiƙe. Ya ja jiki har bukkar. Sai da bazara aka same shi durƙushe a gaban murhu, ƙirare a jere tsaf, hannunsa ɗaya a kan kanta. Gari ya yi ta tsine wa wanda ya bar bukka ba ashana. Har da ni a masu tsinuwar. Sannan na je na rubuta a katin bayanin gwangwanin cewa an tsince shi a wata bukka da ta rushe tun tuni.

To, ranar Alhamis ɗin nan, na ɗauki ƙwan fitila da tocila na hau matakala. Ina taka ta bakwai aka ɗauke wuta.

Ban damu ba, in iska ta yi ƙarfi takan yi mana haka. Na kunna tocila na tura ƙofar ɗakin sama. A nan muka kwaikwayi bukkar maharba: gadon katako, murhun ƙarfe da ni da kaina na jera wa ƙirare don masu kallo, da kanta, da akwatin gilashin a gefe.

Ƙofar ta rufe a bayana. Ban ji iska ba.

Wari na fara ji. Ba kwalta ba. Ruwan teku, da jiƙaƙƙen ulu, da jiƙaƙƙen kare.

Sai sanyi. Na yi hunturu sittin a ƙasar nan, na san sanyi kala-kala. Wannan ba na cikin gida ba ne. Gashin hancina ya daskare. Hasken tocila ya koma ja, ya yi ƙasa, ya mutu.

Na laluba ƙofa. Mariƙin ya manne da tafin hannuna, sai da na fizge. Ba ta motsa ba.

Ɗis. Ɗis. Ruwa na ɗiga a kan katako. Ya yi ta raguwa, ya tsaya.

Sai wani sauti, ƙaras, ƙaras, irin na rigar da ta daskare a igiya in an lanƙwasa ta. Wani na durƙusawa a gaban murhu.

"Wane ne?" na tambaya.

Hannu na ji yana shafa kanta. Daga wannan gefe zuwa wancan. Ya dawo. Ya sake. Ba shafar yatsu ba ce, kamar guntun itace ake ja a kan katako.

"Nan take zama," aka ce, ƙasa-ƙasa. Haƙora na kaɗawa tsakanin kalmomin. "Kullum nan take zama."

Na san muryar.

"Ingolf."

Shafar ta tsaya.

"Jentoft? Kai ne?" Ba fushi a muryar, wannan ne ya fi kashe ni. Murna ce a ciki. "Madalla. Duba mini ashanar nan. Hannuna ya ƙi."

Ƙafafuna sun daina jin ƙasa. Wani barci mai daɗi ya fara saukar mini, kuma na san ma'anarsa. Duk ɗan ƙasar ƙanƙara ya san wanda ya yi barcin nan ba ya tashi.

Na rarrafa wajen akwatin. Mabuɗin na aljihuna, amma yatsuna sun zama itace, sun kasa shiga aljihun ma.

Na kai wa gilashin gwiwar hannu. Sau biyu. Ya tarwatse.

Na rungumo gwangwanin da tafukan hannu. A buɗe yake, yadda na ɗauko shi. Tsinke uku sun leƙo.

Na cafki na farko da haƙori, na goga a gefen gwangwanin. Ya karye.

Na biyu ya yi tartsatsi ya mutu.

"A hankali," aka raɗa, dab da kunnena. "Saura ɗaya."

Na cafki na uku. Haƙorana na rawa. Na rufe ido na ja.

Ya kama.

Gashin bakina ya babbake, ban saki ba. Na sunkuya na cusa kaina a bakin murhu har ɓawon itacen ya ɗauka. Sannan na ɗago.

Yana durƙushe a gefena. Gemunsa fari fat da ƙanƙara, girarsa ma haka. Idanunsa a buɗe, ba sa ƙiftawa. Ya miƙa hannuwa biyu ga wutar, baƙaƙe, a sandare.

"Wani ya ɗauke ta," ya ce, bai kalle ni ba. "Na yi ta tunani, wane irin mutum ne zai ɗauke ashana a bukka?"

"Ni ne." Kuka nake kamar yaro. "Ni na ɗauka, Ingolf. Na tuna a jirgi, na yi shiru."

Ya juyo a hankali, wuyansa na ƙara. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ɗora hannunsa a kan nawa na hagu, kan yatsu biyu na ƙarshe.

Murhun ba shi da bututun hayaƙi, na kallo ne. Hayaƙi ya cika ɗakin. Na faɗi.

Ruwa ne ya farkar da ni. Gudlaug ce tsaye a kaina da bokitin goge-goge, ta kwara rabi a murhu, rabi a fuskata. Daga wurin jiran mota ta hango wuta ta taga, ta dawo. Ta ce ƙofar da yatsa ɗaya ta tura ta buɗe. Ta ja ni har bakin matakala, tsohuwa da ita, tana haki.

"Ka haukace ne? Gidan katako za ka hura wa wuta?"

Gwangwanin na ƙirjina. Na miƙa mata. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

"Gudlaug, katin nan ƙarya ne. Daga bukkar da Ingolf ya rasu na ɗauko shi. Ni ne na bar ta ba ashana."

Ta karɓa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta juya gwangwanin, ta haska da tocilarta, ta sa farce a kan wasu haruffa biyu a gefen murfin.

"Ka ga wannan? Nasa da nawa. Da bakin wuƙa ya zana, shekarar da muka yi aure. Ranar da kuka fara nuna shi na zo kallo, na gani."

"Tun ranar kin sani?"

"Tun ranar."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ni na ɗauko? Maganarka ce, a bakinka ya kamata ta fito. Duk Alhamis sai in ce yau zai faɗa. Ka ga har na tsufa." Ta share toka daga murfin da gefen mayafinta. "Kuma shi ne abu na ƙarshe da ya nema a duniya. In ban zo nan ba, ina zan je?"

Ta leƙa cikin ɗakin. Ta ja numfashi ta hanci, ta sake ja. Warin jiƙaƙƙen ulu bai gama fita ba. A gaban murhu akwai tabon ruwa biyu, daidai gwiwoyin mutum, can nesa da inda ta kwara nata.

Muryarta ta yi ƙasa. "Ta kama masa?"

"Ta kama. Tsinke na uku."

"Ya ji ɗumi?"

"Ya miƙa hannu."

Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin ta zauna a kan matakala ta rufe fuska.

Yatsun nan biyu sai da aka yanke su. Likita ya ce sanyi ne ya cinye su, ya yi ta tambayata inda na je, don ma'aunin sanyin da ke ɗakin bai nuna an yi wani sanyi ba ranar. Na gaya wa hukumar gidan tarihin komai, suka sallame ni, kuma sun yi daidai. Wasu a gari har yau in sun hango ni sai su tsallaka titi.

Da bazara na mai da gwangwanin bukkarsa, na cika shi, na jera ƙirare, na zaro tsinke uku. Akwatin da ke ɗakin sama an sa masa sabon gilashi, an bar shi ba komai sai kati. Gudlaug ce ta faɗi abin da za a rubuta, ni na rubuta da hannuna, da sunan Ingolf da nawa.

Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba. Ta daina zuwa ranar Alhamis, ta ce ba sauran abin da take jira. Amma farkon hunturun nan na tarar da ƙunshi a bakin ƙofata, ba takarda, ba suna. Safar hannu ce, saƙar hannu. Ta hagun yatsa uku gare ta.