Sandar Ƙarfen Labbo

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta da kunnuwanmu.

A wani ƙauye kusa da Bukkuyum, an yi wani mutum wai shi Labbo, mai gane zafin cikin rumbu ba tare da an fasa shi ba. Sandar ƙarfe yake sokawa cikin hatsi, ya dakata, ya zaro ya ɗora a kunci. In da ɗumi, hatsin ya fara ruɓa ke nan.

Wata shekara ruwa bai ɗauke da wuri ba, aka tara dawa da danshi. Gwaggonsa Hure ta kira shi gab da magariba, don abincinta na shekara duka yana rumbu guda.

"In ka hau, ka yi sallama," in ji ta. "Rumbu ba ya rasa masu shi."

"Gwaggo, dawa ba ta amsa sallama."

Ya hau, ya janye murfin jinka, ya soka ƙarfe. Da ya zaro, sama sanyi, ƙasa sanyi, amma tsakiya ɗumi irin na jikin mutum. Ƙarfen na motsi a kuncinsa, kamar bugun zuciya.

Ya sauka ciki ya duba. Murfi ya koma da kansa.

Duhu. Warin tsami da gumi. Dawa ta haɗiye shi zuwa gwiwa, sannan zuwa ƙugu. Ya yi kira, bango ya shanye muryar.

Can ƙasa wani abu ya numfasa.

"Ka auna mu ba izini," aka raɗa masa. "Tsaya mu auna ka."

Wani yatsa mai sanyi ya shiga ƙirjinsa, bai huda fata ba. Ya bi hanta, ya bi haƙarƙari, ya tsaya a zuciya.

"Nan ne ɗumin."

Dawa ta kai wuya.

Sai muryar Hure daga waje: "Salamu alaikum, masu gida. Ɗan ƙanena ne, ku yi haƙuri."

Murfi ya zame. Maƙwabta suka jawo shi da igiya.

Dawar Hure ba ta ruɓe ba, ko ƙwara. Amma tun ranar Labbo bai ƙara jin ɗumi ba. Ko ƙarfe ya fito daga wuta ya ɗora a kunci, sanyi yake ji. Sandar tana nan rataye a zaurensa, ta yi tsatsa.

Ƙurunƙus, kan kusun rumbu.