Ƙuri'a ta Bakwai a Majalisar Rima

Labarin abin da ya shiga tsakanin gidan Alhaji Maccido na Wurno da Zayyanu Mu'azu na Goronyo ya kasu uku a bakin mutane. Akwai na masu zaman shayi a bakin tasha, wanda ban ɗauka ba, domin babu ko ɗaya daga cikinsu da ya halarci komai. Akwai na Lawwali, babban ɗan gidan, wanda ya bayar cikin fushi, daga baya kuma ya janye da bakinsa. Na uku shi ne abin da ke rubuce a littafina na Akawun Majalisa, da ranarsa da sa'arsa, haɗe da abin da Gwaggo Kulu, ƙanwar Alhaji, ta shaida mini na cikin gida, inda ƙafata ba ta kai. Da wannan na amince, domin Gwaggo Kulu ta faɗi har abin da bai yi wa gidansu daɗi ba.

Ranar Lahadi, bakwai ga Mayu, da hantsi, Uwaliya, ɗiyar Alhaji, tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, mahaifiyarta Hajiya Ladidi tana kaɗa nono, sai Lawwali ya faɗo ba sallama, waya a hannu.

"Inna! Ki ga abin da surukinki na gobe ya yi mini!"

"Kai, lafiya? Mi anka yi?"

"Gaban mutum ɗari huɗu, Inna! Ya tsai da ni kamar ɗan firamare, yana yi mini intabiyu! Yanzu ko'ina sikirinshot ɗina na yawo, har Rabah dariya akai mini!"

Faifai ya kuɓuce daga hannun Uwaliya.

Wajibi ne in bayyana asalin maganar. Matasan Wurno da Rabah da Goronyo sun kafa gwamnatin wasa a wani zaure na waya, suka kira ta Jamhuriyar Rima. Tana da shugaban ƙasa, da ministoci, da sanatoci goma sha huɗu, da tsarin mulki mai shafi tara. Ni malamin sakandare ne, na girme su duka. Shi ya sa suka roƙe ni in zama Akawu, suka kuma rantsar da ni cewa kowane sanata zai turo mini ƙuri'arsa a ɓoye, ba zan bayyana ta ba sai mai ita ya yarda. Yawancin abin da suke yi muhawara ce da barkwanci. Abu ɗaya ne ba wasa ba, shi ne rundunar soja. Sojojin ba su da kaki, ba su da bindiga. Aikinsu shi ne idan damina ta yi nisa gulbi ya fara cika, na sama ya sanar da na ƙasa, na ƙasa kuma ya taka da ƙafarsa ya gaya wa masu gonakin fadama. Tun shekarar da sabis ɗin waya ya ɗauke na wasu watanni rundunar ta yi barci, ba wanda ya tashe ta. A daminar da ta gabata ruwa ya ci rumbu biyu da awaki bakwai na Gwaggo Kulu a Tungar Wanzam, babu wanda ya buga mata waya. Dalilin dawowarta gidan wanta ke nan.

Shugaban ƙasa, Jelani na Rabah, ya ga ya kamata a farfaɗo da rundunar, sai ya miƙa wa Majalisa sunan abokinsa Lawwali a matsayin Ministan Tsaro. Shugaban kwamitin tantancewa kuwa shi ne Zayyanu, malamin gona, wanda aka riga aka karɓi gaisuwarsa ga Uwaliya, ana jiran sa rana bayan Sallah. Ita ma Uwaliya sanata ce mai wakiltar Wurno.

Tambaya uku Zayyanu ya yi, kuma ga su kamar yadda na rubuta. Ta farko: "Yaya Lawwali, da girmamawa, sojoji nawa ke cikin rajista?" Amsa: "Za mu duba." Ta biyu: "Yaushe rabonka da magana a zauren ga?" Littafi ne ya amsa: wata goma sha huɗu. Ta uku: "Waɗanne garuruwa ruwa ka fara isa?" Amsa: "Lahodu da Sisawa." Waɗannan kuwa ƙasar gero ce da dawa, noman damina suke yi, ba su ne ke kwana da fargabar gulbi ba. Zaure ya cika da hotunan dariya. Zayyanu bai sa ko ɗaya ba, har ya roƙi a daina. Aka kaɗa ƙuri'a: shida sun amince, bakwai sun ƙi, ɗaya ya ƙaurace.

Da Alhaji Maccido ya dawo daga fadama aka karanta masa abin da ya gudana a zauren waya, sai ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

"Yaron da ka sunkuyar da kai in ya gan ni? Shi ne zai kunyata wan matarsa a bainar jama'a? Tun ba a ɗaura ba ke nan!"

"Baba, wasa ne fa..." in ji Uwaliya.

"Ke, rufa mini baki! In wasa ne, mi ya hana shi ɗaga wa ɗan'uwanki ƙafa? Ƙuri'a guda anka kayar da shi, kuma kowa ya san ta wa ce. Ladidi, a mai da musu goronsu. Babu sa rana!"

A nan zan tsaya in faɗi abin da ke cina har yau. Ba a kira Zayyanu an tambaye shi ba. Ba a kira ni ba. An yanke wa mutum hukunci a kan ƙuri'ar da ba wanda ya gani, an mai da goro Goronyo a bayan babur kamar kayan da aka ƙi a kasuwa, dattawan gari kuma suka yi shiru, wai maganar cikin gida ce!

Washegari da la'asar Uwaliya ta shiga ɗakin Gwaggo Kulu ta kira Zayyanu a waya, tana kuka. Gwaggo tana kan tabarma, ta ji komai.

"Zayyanu, ni ce... ni na ƙi shi. Ƙuri'ar ga ta bakwai tawa ce!"

"Na sani, Sanata."

"Ka sani? Akawu ya gaya maka?"

"Haba, Malam? Ko an sa mishi wuƙa ba ya faɗi. Lissafi na yi. Ni ne na ƙaurace, don ban iya cewa a'a ga wanki, ban kuma iya cewa i. Shida daga waɗanda sunka ƙi na san su. Da na cire kaina, sai na ga saura ke."

"Na tuna awakin Gwaggo ne, wallahi. Yanzu zan je in gaya wa Baba!"

"Kada ki soma! Ni Goronyo nike kwana, zaginsu ba ya iske ni. Ke gidan ga kike, da shi kike cin tuwo. In kinka faɗa yau, wanki ba zai sake kallonki ba. Ki bari zukata su huce."

"In ba su huce ba fa?"

"To sai ki kai ƙara Majalisa, ai ke babba ce a gwamnati."

Ta yi dariya cikin hawaye, ta ce, "Kai dai ba ka da kirki." Gwaggo Kulu ta ce mini ita ma ta share nata hawayen da bakin zane, ta kuma yi alkawarin riƙe bakinta.

Abin bai tsaya nan ba. Jelani, don jin haushi, ya rubuta a zaure: "Tunda Honorabul ya fi kowa sanin ruwa, ga kujerar, ya hau mu gani!" Ya miƙa sunan Zayyanu. Zayyanu ya san abin da za a ce, amma damina ta ƙarato, sai ya karɓa, Majalisa ta tabbatar da shi da ƙuri'a goma sha ɗaya. Nan take bakin tasha ya samu abin taunawa: wai dama kujerar yake so, shi ya sa ya kayar da surukinsa. Kujerar da ba albashi, ba ofis, ba ko kujerar katako! Na ji wannan magana daga bakin mutanen da suka yi digiri, kuma ban ga kunya a fuskarsu ba.

Ga abin da littafi ya nuna na aikinsa. Ya kira sunaye sittin da ɗaya na tsohuwar rajista, tara suka amsa. Ya hau babur duk Asabar yana bin tungayen bakin gulbi, yana neman wanda ke da waya kuma ba ya barin gari da damina: masunci, mai faci, ladan, mai sayar da ƙosai. Ya kafa turaku a bakin ruwa wuri goma sha biyu, ya shafa musu jan fenti a inda haɗari yake farawa. Zuwa ƙarshen Yuli yana da soja arba'in da uku, kowane da sunayen manoman da zai sanar. A duk tsawon watannin nan bai taka ƙofar gidan Alhaji ba. Ya gamu da shi sau biyu a masallacin Juma'a, ya durƙusa ya gaishe shi, Alhaji ya amsa da ka. Uwaliya ta rame har Hajiya Ladidi ta fara jiƙa mata magani.

Ranar Talata, ashirin da biyu ga Agusta, da ƙarfe tara da minti goma na safe, sojan da ke can saman gulbi ya turo hoton turke: ruwa ya rufe jan fenti. Kafin sha ɗaya saƙo ya zagaye fadamar Wurno. Ladan ɗin da aka ɗora wa sanar da Alhaji ya same shi a zaure ya gaya masa.

"Wa ya aiko ka?"

"Ministan Tsaro, Alhaji."

"Ka ce mishi shekara arba'in ina noma fadamar ga, ban taɓa neman minista ya gaya mini halin gulbi ba!"

Alhaji yana da injinan ban-ruwa huɗu a bukkar gona, da shanun huɗa biyu a ɗaure. Labarin amsarsa ya kai ga Zayyanu. Ya tara sojoji shida da amalanke, suka shiga fadama ruwa na kai musu gwiwa, suka fito yana kai musu ƙirji. Da la'asar aka ga injina huɗu jere a ƙofar gidan Alhaji, shanu a ɗaure a gindin darbejiya, babu kowa a wurin. Washegari ko rufin bukkar ba a gani.

Alhaji Maccido mutum ne mai taurin kai, amma ba marar adalci ba ne. Ya kira zama ranar Juma'a, ɗaya ga Satumba, bayan an sauko daga masallaci, ya aiko a ce in zo da littafina. Zayyanu ya zauna can bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Mata suna bayan labulen da ya raba zaure da cikin gida.

"Na gode da injina," in ji Alhaji. "Amma inji daban, mutuncin ɗana daban. Malam Akawu, buɗe littafin ga ka karanta mini wanda ya kayar da Lawwali. In shi ne, ya ba da haƙuri gaban kowa, sannan in yi tunani."

Na ce, "Alhaji, na yi rantsuwa. Ba na karanta ƙuri'ar kowa sai da izinin mai ita."

"To, Zayyanu, ba shi izini!"

"Baba, ku gafarce ni. Haƙuri dai ina ba Yaya Lawwali, sau nawa kunka so. Amma a bar littafin ga a rufe."

"Kun ji ko!" Lawwali ya miƙe tsaye. "Tsoro yake ji!"

Sai labule ya motsa.

"Malam Akawu, karanta tawa."

"Uwaliya, kada ki..." in ji Zayyanu.

"Wata huɗu ana zaginka a kaina, ya isa! Malam, na ba ka izini!"

Na buɗe shafi na talatin da takwas na karanta: "Sanata Uwaliya Maccido, ƙarfe biyar da minti shida: Ban amince ba. Ina son yayana, amma ruwa ba ya jiran mai koyo." Da Zayyanu ya ga asiri ya riga ya fito, sai ya gyaɗa mini kai, na karanta tasa: "Na ƙaurace. Ba ni iya jefa ƙuri'a a kan wan matata."

Gwaggo Kulu ce ta fara magana daga bayan labule.

"Yaya, da anka naɗa Lawwali, yau injinanka suna ƙasan ruwa tare da awakina. Shi kuwa yana can Lahodu yana jiran gulbi!"

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi sauri ya mai da ita tari. Lawwali ya taka har bakin ƙofa ya tsuguna gaban Zayyanu.

"Ka san ita ce, kac ci zagi ka yi shiru?"

"Ƙanwarka ce, Yaya. Ban so ku ɓata."

"To ni na ɓata da kaina. Ka yafe mini. Kuma... in da sauran wuri a rundunar ga, ka sa sunana. Kurtu, ba hafsa ba."

Alhaji ya share fuskarsa da hannun riga, ya ce da ƙanensa, "Atiku, gobe ka shirya ka tafi Goronyo. Goron da munka mayar, mu za mu je mu roƙo shi." Daga bayan labule Hajiya Ladidi ta rangaɗa guɗa, Uwaliya kuwa ta faɗa jikin Gwaggo tana kuka. An ɗaura aure bayan girbin shinkafa.

Darasin da nake so matasa su ɗauka, da iyayensu ma, shi ne wannan. Kada a yanke wa mutum hukunci kafin a ji ta bakinsa, ko da shaidar ta yi kama da gaskiya. Kada a ba mutum amana don zumunci, ko da amanar ta wasa ce, domin bayan wasan akwai rumbun wata tsohuwa. Wanda kuma ya haƙura da zargi don ya kare wadda yake so, ya ci gaba da aikinsa bai rama ba, Allah yana wanke shi a gaban waɗanda suka zarge shi.

Waɗanda suka halarci zaman ranar Juma'a: Alhaji Maccido, mai gida; ƙanensa Malam Atiku; Lawwali Maccido; Zayyanu Mu'azu; Jelani na Rabah, wanda ya zo a makare; a bayan labule, Hajiya Ladidi, da Gwaggo Kulu, da Uwaliya Maccido; sai ni, Halliru Tambari, Akawun Majalisa.