Kunyar Surukai A Akara

"Wallahi ba za ki kai min daddawa Akara ba!"

Anas ne yake wannan faɗan a tsakar gidansu na Ajingi, ya toshe hanci da gefen hula kamar ba da miyar daddawar aka raine shi ba. Amaryarsa Bara'atu, wadda ko lallen biki bai gama fita daga hannunta ba, ta ɗago kai daga bakin jaka.

"Haba Yaya... Inna ce fa ta ƙulla da hannunta. Ya za mu je gidan surukai hannu Rabbana?"

"Waɗannan ba irin surukanku na ƙauyen Balan ba ne. Manyan mutane ne, gidan bene gare su!"

Surukan ma dai a baki. Dangantakar sai an zauna an jawo ta kamar guga a rijiya mai zurfi. Kakan Alhaji Sharfaddeen, wanda za su sauka gidansa a Akara, ƙanen kakan mahaifin Anas ne, ya tafi fataucin goro ƙasar Gana bai sake dawowa ba. A waya aka gano juna, Alhaji ya ce in an ɗaura aure ango ya kawo amarya su ga gari. Anas kuwa, da yake ɗan sarin gyaɗa ne a kasuwar Ajingi, tuni ya fara mafarkin Alhaji zai riƙa sayen kayansa mota-mota.

Da ya ga idonta ya kawo ruwa sai ya sauke murya.

"Zuciyata, teku fa zan kai ki ki gani. Ni da ke, hannunki cikin nawa..."

Nan take ta narke. Ita da ba ta taɓa wuce Kano ba, kuma tana son mutumin nan kamar ranta. Ta fitar da daddawar ta ajiye, ta ce Allah ya kai mu.

Sun isa Akara a gajiye, ƙafafu sun kumbura da zaman mota. Tun daga bakin falo Bara'atu ta tuɓe takalmi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta zube gwiwa biyu ta gaida masu gida kamar yadda aka koya mata.

Hajiya Indo, matar Alhaji, ta dube ta daga sama har ƙasa ta saman tabarau.

"Wannan ce amaryar? Ikon Allah. Tashi mana, ba fada kika zo ba."

'Yarsu Afra'u, budurwa zankaɗeɗiya da ko sannu ba ta iya ce wa baƙo ba, ta ƙyalƙyale da dariya tana danna waya.

Aka jera abinci a tebur, aka ce kowa ya zauna. Ina! A Balan, macen da ta buɗe baki ta ci abinci a gaban surukinta, har 'ya'yanta sai an yi wa gori. Bara'atu ta ɗauki kwanonta ta shige kicin, ta samu 'yar kujera ta zauna. A zuciyarta tana jin ta fitar da iyayenta kunya.

Ba ta gama ci ba Hajiya Indo ta leƙo.

"Au, nan kika fi so? To madalla. In kin gama ki ɗan wanke tukwanen nan."

Shi ke nan, an samu baiwar Allah. Daga tukwane aka koma shara, daga shara aka koma wankin Afra'u. Mutanen da ko kalmar kunya sun manta, ina za su gane ta in sun gan ta? Ladabin da aka yi musu sai suka ɗauka tsoro ne.

Kullum da hantsi ake fita yawon ganin gari. Aka je kasuwar Makola, aka je babban masallaci mai dogayen hasumiyoyi, aka je wani ƙaton fili mai ƙofa da baƙin tauraro a samanta. Ko'ina Bara'atu ce a baya, kular abinci a hannu ɗaya, jakar Hajiya a ɗayan. In za a yi hoto, ita ake miƙa wa waya.

"Ke, matsa baya, ki ɗauko mu duka!"

Shi kuwa gogan naka ya zama jela. Alhaji bai gama ba da labari ba ya riga ya fara dariya. Hausar ma ya daina yin ta sosai, sai wani Turanci mai kama da tuƙin koyo. Bara'atu tana kallonsa tana mamaki. Wai wannan ne saurayin da ya yi ta zaryar Balan a kan babur cikin ruwan sama, yana rantsuwa ba wanda zai taɓa ta yana raye?

Wata yamma ta tare shi a ɗaki.

"Yaya, ni fa amarya ce. Ba ka ganin abin da ake yi min?"

"Yi haƙuri mana, Bara'atuna. Maganar gyaɗar nan ta kusa faɗawa. Kada ki ɓata min shiri."

"Inna ta kira. Ta ce an nuna mata hotunanka a waya, ba ta gan ni ko a ɗaya ba. Tana tambaya ko lafiya nake..."

"Ki ce mata ba kya son hoto."

Ranta ya yi baƙi ƙirin, amma ta haɗiye.

Ranar da aka je teku, Bara'atu ta tsaya baki buɗe. Ruwa ba iyaka, yana tasowa yana zubewa da ƙara. Ta waiga ta nemi hannun da aka yi mata alkawari, sai ta hango shi can yana riƙe wa Alhaji takalmi.

Suna zaune a ƙarƙashin rumfa wata ƙawar Hajiya Indo ta iso, ana ce mata Hajiya Hanne, ta sha gwala-gwalai har wuya. Bara'atu ta durƙusa ta gaishe ta, ta zuba mata lemo, ta koma gefe.

"Kai, Indo! Yarinyar nan taki akwai ladabi. A ina kika samo ta? Ni ma irinta nake nema, tawa ta gudu."

Hajiya Indo ta yi wani murmushi.

"Daga ƙauye aka zo mana da ita. Ga wanda ya kawo ta nan, tambaye shi ko zai bar miki."

Bara'atu ta juya ta zuba wa mijinta ido. Kalma ɗaya take jira. Anas ya dubi Alhaji, ya ga Alhaji yana dariya, sai shi ma ya ce, "Hehehe..." ya mayar da baki kan kwakwar da yake sha.

Bara'atu ta miƙe tsaye, ta yaye mayafin daga fuskarta, ta dubi Hajiya Hanne ido cikin ido.

"Hajiya, ni ba 'yar aiki ba ce. Matar wancan ce mai shan kwakwa. Kunyar surukai nake ji, ashe a gidan nan ba a san ta ba. Ga kularku nan, mai hannu ya ɗauka."

Afra'u ma sai da ta sauke waya.

Anas ya biyo ta yana haki, yashi na cika masa takalmi.

"Kin kunyata ni! Kin san abin da kika jawo min?"

"Ni na kunyata ka?" Hawaye suka zubo mata. "Ana cinikina a gabanka kamar akuya, kana dariya! In ba ka mayar da ni gida ba, wallahi da ƙafa zan tafi."

Ba shiri suka kamo hanyar gida. Da motar da suka hau daga Kano ta tsaya a Gaya, ta sauka da jakarta, ta tare mai babur ta ce Balan. Anas ya wuce Ajingi shi kaɗai, 'yan uwa na tambayar ina amarya.

Gidan ya yi masa faɗi. Ya kasa ci, ya kasa zuwa kasuwa. Bai daɗe ba ya wanke ƙafa ya nufi Balan.

Ya tarar da mahaifinta, Baffa Tukur, a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Tsohon bai ko ɗago ba.

"Mun ji ana neman 'yar aiki a Akara. Mu kuwa a saninmu mata muka ba ka."

Anas ya zube ƙasa.

"Baffa, na yi kuskure... Don Allah a kira min ita."

Da Bara'atu ta fito zaure, ya ciro waya, ya kira Hajiya Indo, ya buɗe murya kowa na ji.

"Hajiya, Anas ne. Wadda kuka sa wanke-wanke matata ce, ta fi min duk abin da ke gidanku. Ki faɗa wa Alhaji na yafe cinikin."

"Aikin banza! Dama ƙauyawa ba a iya muku," in ji Hajiya Indo, ta kashe.

Ya juyo yana share ido da hannun riga.

"Kin ji, zuciyata? Na faɗa mata. Ki yafe min, ki dawo ɗakinki..."

Har yanzu tana sonsa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Ka faɗa, Yaya. Daga nan Balan, inda ba abin da za ta iya yi maka. Ni a bakin teku na so ji."

"Bara'atu..."

"Zan koma, don zuciyata ta ƙi rabuwa da kai, kuma ba zan sa Inna kuka ba. Zan dafa maka, zan wanke maka." Ta dafa bango. "Amma a da in ka shigo gida ji nake ba namiji kamarka a duniya. Wannan kam ban san yadda zan dawo da shi ba."

Ta shiga ciki ɗauko jakarta. Anas ya zauna a ƙasan zauren yana kuka kamar yaro, Baffa Tukur ya ci gaba da gyaran fartanyarsa.