Turken da Alhaji Maiwada Ya Tuge

Ranar wata Talata ce a ƙarshen damina, ana dab da kiran magariba, Alhaji Maiwada ya shigo da motarsa ta ɗaukar masara cikin sabon gidansa da ke bayan garin Funtua. Tun asuba yake kasuwa yana fama da ’yan dako da masu awo. Ya kashe injin, ya daɗe zaune bai fito ba, don ƙafafunsa sun yi masa nauyi. Matarsa Hajiya Rabi’atu tana tuƙa tuwo a madafa. ’Yarsu Amatullahi, wadda ta zo hutu daga makarantar koyon aikin jinya, tana kwashe shanya daga igiya.

Ya sauko ke nan ya ɗauki buta, sai dutse ya faɗo a kan kwanon gidan. Ƙara ɗaya, mai nauyi. Aka yi shiru. Sannan na biyu, sannan na uku, kowanne da tazara, kamar mai jifan ba ya sauri.

Maiwada ya buɗe get ya leƙa. Layin babu kowa. Yawancin gidajen unguwar ba a ƙarasa su ba, daga ginin da ya tsaya a taga sai fulotin da ciyawa ta cinye. Ya duba gabas ya duba yamma, ya koma ciki. Ɗaya daga cikin duwatsun ya gangaro tsakar gida. Jan dutse ne, irin wanda aka zuba wa titin ƙofar gidan. Da ya ɗauka ya ji shi da ɗumi, kamar an daɗe ana riƙe da shi a tafin hannu.

“Yara ne, Alhaji?” in ji Rabi’atu daga bakin madafa.

“Yara ne,” ya ce. Ya jefar da dutsen, ya yi alwala.

Wannan unguwa shekaru uku da suka wuce gonaki ce. Da aka yanka ta fuloti-fuloti, safiyon da ya yi awon wani matashi ne, Ayodeji, ɗan wani Bayerabe mai sayar da kayan gini, haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Shi ya bi layi-layi yana kafa turakun siminti, ya kuma bayyana wa duk wanda ya sayi fili ƙa’idar da ke cikin taswirar. Faɗin titi mita goma sha biyu. Lambatu hagu da dama. Mashigar mota ta kowane gida sai ta bi ta kan kwalbati, don ruwa ya wuce ta ƙasa. Get ya buɗe ciki, ba kan hanya ba. Gidan da ya faɗo a kwana kuma dole ya sare kusurwar katangarsa, don mai tahowa ya hango mai fitowa.

Fulotin Maiwada a kwana yake, kuma motarsa doguwa ce. Ya auna ya sake aunawa, ya ga in ya bi wannan ƙa’ida motar ba za ta taɓa juyawa ta shiga gidan ba. Shekara ashirin yana haya, yana barin mota a tasha yana kwana da fargaba. Saboda haka washegarin wata sallah, da hantsi, lokacin da ba ma’aikaci ko ɗaya a unguwar, ya zo da diga ya tuge turken kusurwarsa, ya matsar da shi mita biyu cikin titi. Magina suka ɗora katanga a kan sabon wurin. Ya cike lambatun da kankare, ya yi gangare mai faɗi har tsakiyar hanya.

Sau biyu Ayodeji yana zuwa.

“Alhaji, ni na kafa turken nan da hannuna. Ba nan na sa shi ba.”

“To tashi ya yi ya taka?”

“Ranka ya daɗe, ba faɗa na zo yi ba. Hanyar ta matse. In ruwa ya sauko ba shi da wajen bi sai gidan maƙwabcinka. Kuma mai babur ba ya ganin abin da ke bayan katangar nan.”

“Na ji. Ka gaida mahaifinka.”

A zuwa na biyu takarda ya kawo daga ofis. Maiwada ya ninke ta ya cusa a aljihun mota, bai sake dubawa ba. Ko Rabi’atu bai faɗa wa komai ba.

Jifan bai tsaya a ranar Talata ba. Kullum rana ta yi ja, sai duwatsu uku su sauka, ba ƙari ba ragi. Maiwada ya kewaye gidan, ya hau kan mota ya duba rufin, ya tambayi maƙwabta. Ba wanda ya ga komai. A kwana na shida aka fara jin wani abu kuma: takun ƙafa a hankali a bayan katangar kwana, ana jan ƙafa kamar mai ɗauke da kaya, a zo daidai kusurwar a tsaya. Sai dogon nishi. Rabi’atu ta daina girki a waje. Ta koma kunna karatu a waya tun la’asar, tana rufe tagogi, tana zaune da carbi har a yi isha’i.

A kwana na tara Amatullahi ta fita zubar da shara da magariba. Da aka ga ta daɗe, uwarta ta bi ta, ta same ta durƙushe a kan gangaren siminti, idanunta a buɗe, ba ta gane kowa.

Daga ranar yarinyar ta zama wata iri. Da rana tana kwance shiru, a ba ta koko ta kurɓa sau biyu ta kau da kai. Amma da zarar inuwa ta yi tsawo sai ta miƙe, bayanta a ranƙwafe kamar na tsohuwa, hannuwanta a baya kamar mai goyo. Ta taka har kusurwar katanga, ta sa kafaɗa tana turawa. Ba ta ihu, ba ta duka. Turawa kawai take yi, har fatar kafaɗarta ta saɓule. Mutum biyu ba sa iya janye ta, sai duhu ya gama rufewa ta sulale ƙasa da kanta.

An kai ta asibiti, aka auna jini, aka ɗauki hoto, aka ce ba a ga komai ba. An kawo rubutu, an yi hayaƙi. Maiwada ya daina zuwa kasuwa. Kullum da yamma yana tsaye a bayan ’yarsa riƙe da tsumma, yana cusa shi tsakanin kafaɗarta da bulo. Ya san kusurwar da take turawa. Ya san ta sarai. Amma duk lokacin da ya buɗe baki zai yi wa matarsa magana, sai ya ga yadda ta rame, ya haɗiye.

“Alhaji, na gaji,” ta ce masa wata safiya. “Wallahi ko kuka ba na iyawa. An ce akwai wani Malam Aƙilu a Bakori. Ka je ka ɗauko shi.”

Malam Aƙilu ya iso bayan la’asar a bayan babur, dattijo siriri mai ciwon gwiwa, ba ya ɗauke da komai sai ƙaramar jaka. Bai shiga gidan nan da nan ba. Ya tsaya a titi ya dubi layin daga farko har ƙarshe, ya dubi katangar da ta turo ciki. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Amatullahi, uwarta ta riƙe ta. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa.

Karatun ya yi tsawo. Rana ta sauka bayan itatuwa, tsuntsaye suka yi shiru, hasken tsakar gidan ya koma toka-toka. Gumi ya jiƙa rigar malamin. Can sai bayan yarinyar ya fara lanƙwashewa, kanta ya sunkuya, wata murya ta fito daga bakinta, busasshiya, ta tsohuwar da ta sha tafiya.

“Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ban da ƙarfin gudu.”

“Wace ce ke?”

“Sunana ba zai amfane ka ba. Mun riga kakan wannan mutumin zama a nan.”

“Me yarinya ta yi miki?”

“Ba ta yi min komai ba. Kafaɗa na ara.”

Rabi’atu ta saki wani ɗan sauti, ta ƙara ƙanƙame ’yarta. Muryar ta ci gaba a hankali, tana hutawa tsakanin magana.

“Da muna cikin kurmin da ke nan, aka sare, muka koma bakin gona. Aka yanka gonar, muka koma rafi. Ba mu ce komai ba. Mijina ya tsufa, ba ya gani, ba ya takawa. Kullum magariba nakan goyo shi daga rafi zuwa tudun da iyayensa suke kwance. Da mai awo ya ja layinsa, titin ya faɗo a kan tsohuwar hanyarmu, na ce to, an bar mana wajen bi. Sai wannan ya zo da diga.” Kan yarinyar ya juyo sannu a hankali wajen Maiwada. “Ina zaune ina kallonka. Bangon da aka yi bisimilla a kansa ba ya ratsuwa gare mu. Sai na kewaya ta bayan gidaje bakwai da mutum a bayana. Na yi jifa don ka fito mu yi magana. Ka ce yara ne.”

Malam Aƙilu ya dubi Maiwada. “Alhaji, ba a gaskata aljanu a kan komai. Kai nake tambaya. Akwai diga?”

Maiwada ya ji idon matarsa a kansa. Ya zauna a ƙasa.

“Akwai, Malam. Mita biyu na ci.”

Malamin ya koma kan muryar. “Ya yi zalunci, ke ma kin yi. Wanda ya tare miki hanya daban, wadda kika sa wa ciwo daban. Ki fita.”

“A rushe tukuna.”

“A’a. Ki fita yanzu. Hanya haƙƙin jama’a ce, zai mayar da ita don tsoron Allah, ba don tsoronki ba.”

“To ya rantse min.”

“Ba zai rantse miki ba. A gabana zai faɗa, da gaban matarsa.”

Maiwada ya share fuskarsa da hannun riga. “Gobe da safe zan fara. Da hannuna.”

Sannan muryar ta ce, ƙasa-ƙasa sosai, “Kwana uku zan ƙara kewayawa. Fiye da haka bayana ba zai iya ba. Kuma ku daina watsa ruwan zafi a ƙofar gida da magariba.”

“An ji. Ki tafi, kada ki dawo jikinta.”

Malam ya ɗaga murya da karatu. Amatullahi ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta zube a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, da muryarta ta da, “Umma, kafaɗata zafi.”

Rabi’atu ba ta yi wa mijinta magana a daren ba, ba ta yi washegari ba. Shi ma bai nema ba. Gari na wayewa ya fitar da motar ya kai tasha, ya kira Ayodeji. Matashin ya zo da igiyar awo, bai tambayi dalili ba, ya gwada daga turken gidan da ke tsallake, ya zana layi a ƙasa da tsinke.

“Nan ne, Alhaji. Kuma sai an sare kusurwar.”

“A sare.”

Kwana uku yana dukan kankare da guduma tare da magina biyu. Tafukan hannunsa suka fashe. Aka rushe katangar aka mayar da ita kan layin, aka tono lambatun, aka sa kwalbati, aka yi ’yar mashiga wadda ƙaramar mota kaɗai za ta iya bi. A yini na uku Rabi’atu ta fito da kanta ta ajiye masa kwanon fura a inuwa, ta koma ciki.

Jifa ya ɗauke. Amatullahi ta fara cin abinci, kafaɗarta ta warke, ba ta tuna komai na kwanakin nan ba. Maiwada ya koma barin mota a tasha yana tahowa gida a ƙasa, tafiyar rabin awa bayan wunin kasuwa.

Ana saura kwana biyu Amatullahi ta koma makaranta, ya taho da yamma yana jan ƙafa, ya hango ta a ƙofar gida tana shara. Titin babu kowa daga wannan kai zuwa wancan. Sai ya ga ta dakata, ta janye tsintsiyar, ta matsa jikin katanga ta ɗan rusuna. Ta tsaya a haka, kanta yana bin wani abu a hankali, har ya wuce kwanar.

Da ya iso ya ce, “Amatu, wa kika ba hanya?”

Ta dube shi da mamaki. “Ni, Baba? Ba kowa.” Ta karɓi ledar hannunsa. “Sannu da zuwa. Ka shigo, an kusa kiran salla.”